Su Dongpo: malamin da karatu ya kai shi fada, baki ya kai shi tsibiri

Duk wanda ya taɓa leƙa tarihin ƙasar Sin zai lura da wasu mutane da ke ta fitowa a kowane zamani, ba sarakuna ba ne ba kuma sojoji ba, mutane ne da suka sha karatu tun suna yara suka zauna jarrabawa suka ci, sai gwamnati ta ɗauke su ta ce je ka riƙe gari kaza. Su ne alƙalai, su ne masu karɓar haraji, su ne masu gyaran madatsun ruwa, kuma su ne dai mawaƙa da marubutan ƙasar. A wajenmu malami na iya ƙin fada gaba ɗaya ya zauna a zaurensa da almajiransa har ya mutu kuma ba wanda zai ce ya rasa wani abu, ƙila ma darajarsa ta ƙaru. A can lamarin ba haka yake ba, karatun kansa hanyar fada ce, in ka yi karatu ba ka yi wa ƙasa aiki ba kamar ka yi shuka ne ba ka girbe ba. To matsalar ita ce littattafan da suka haddace, na Konfushiyas, babban malamin Sin na zamanin dā, da mabiyansa, sun koya musu cewa in sarki ya kauce wajibi ne ka faɗa masa, ita kuma kujerar da aka ɗora su a kai tana hannun sarkin da mutanen da ke kusa da kunnensa. Wannan tsaka mai wuyar nake son mu duba ta rayuwar mutum ɗaya.

Sunansa Su Shi, amma da yake sunan ya zo daidai da "su" da "shi" namu zai riƙa rikita mai karatu, bari mu riƙa kiransa da laƙabin da ya sa wa kansa daga baya, wato Dongpo. An haife shi a 1037 a Meishan da ke lardin Sichuan, zamanin daular Song. Babansa Su Xun marubuci ne babba amma jarrabawar gwamnati ta ƙi shi, yana yawan tafiye-tafiye, don haka uwarsu ce ta riƙe karatun yaran na wani lokaci. Akwai labarin da tarihin daular ya ajiye wanda ni yake taɓa ni sosai, wai tana karanta masa tarihin Fan Pang, wani ma'aikaci na zamanin tsohuwar daular Han da aka kashe saboda ya ƙi yin shiru, sai yaron ya ce Inna in na zama irin Fan Pang za ki yarda? Ta ce in kai za ka iya zama Fan Pang ni me zai hana ni zama uwar Fan Pang. Ka ji irin nonon da ya sha.

Ita jarrabawar sai an ɗan tsaya a kanta don ita ce ƙashin bayan komai. Ta faro tun zamanin daular Sui, ba a soke ta ba sai 1905, amma a zamanin Song ne ta zama babbar ƙofar shiga aiki. Mataki uku ne, ka fara ci a lardinku, sannan ka tafi babban birni Kaifeng ka zauna ta ma'aikatar da ke kula da al'adu da bukukuwa, sannan ta ƙarshe a fada gaban sarki. Wanda ya haye duka ya zama jinshi. Kuma don kar a yi sanayya ana rufe sunan mai takarda, sannan magatakarda su sake kwafe amsar da hannunsu don kar mai dubawa ya gane rubutun ɗalibinsa, shekara kusan 1000 da ta wuce fa ke nan. Ba wai babu alfarma ba, akwai, don 'ya'yan manya suna da wata ƙofa ta gado da suke shiga aiki ba tare da jarrabawa ba, kuma talaka tilis ba shi da sukunin ajiye ɗansa shekara goma sha yana karatu ba ya zuwa gona. Amma dai ɗan wani gari mai nisa irin Meishan zai iya zuwa ya buge ɗan waziri, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a duniyar wancan lokacin.

A 1057 Dongpo yana da shekara 20 shi da ƙanensa Su Zhe suka ci tare. Babban mai duba takardu Ouyang Xiu ne, jagoran marubutan zamanin, kuma ana ba da labarin cewa da ya ga takardar Dongpo ta burge shi har ya zaci ta ɗalibinsa Zeng Gong ce, sai ya ji nauyin a ce ya fifita nasa ya ba ta na biyu. A cikin waɗanda suka ci a shekarar akwai wani Zhang Dun, ka riƙe sunan nan. Shi da ya ga ɗan ɗan'uwansa ne ya zo na ɗaya shi yana ƙasa sai ya ƙi karɓar sakamakon ya koma ya sake zaunawa bayan shekara 2. Irin zuciyarsa ke nan. Suka zama abokai shi da Dongpo.

Ana cikin murna sai labari ya zo uwarsu ta rasu. A nan ne za ka ga wata ƙa'ida ta aikin, duk ma'aikacin da uwa ko uba ya rasu dole ya ajiye aiki ya koma gida zaman makoki wata 27, ko wane ne shi. Dongpo ya yi wannan sau biyu, na uwa, sannan na uba da ya rasu a 1066, a tsakani kuma matarsa ta fari Wang Fu ta rasu a 1065. Wata ƙa'idar kuma ba a tura mutum ya mulki garinsu, kuma ba a barinsa ya daɗe a wuri ɗaya, shekara 3 ko ƙasa da haka an ɗaga shi, don kar ya yi jijiya. Shi ya sa rayuwar irin waɗannan mutane rabinta a hanya take, a jirgin ruwa da kan doki, da iyali da akwatunan littattafai, kuma shi ya sa waƙoƙinsu suka cika da ban kwana da kewar gida. Dongpo da ƙanensa da suke kamar tagwaye sai su yi shekaru ba su ga juna ba sai dai wasiƙa.

Da ya dawo Kaifeng a 1069 ya tarar gari ya canza. Sabon sarki Shenzong matashi ne mai zafin nama, baitulmali na kuka saboda kuɗin sojoji da abin da ake biyan maƙwabta na arewa don a zauna lafiya, sai ya ɗauko Wang Anshi ya ba shi wuƙa da nama. Ni fa ba na cikin masu mai da Wang Anshi mugu, mutum ne mai tsabtar hannu wanda ba ruwansa da abin duniya kuma da gaske yake son gyara. Dubi shahararriyar dokarsa ta bashin manoma, wai maimakon manomi ya je wajen mai kuɗi lokacin shuka ya ciwo bashi da ruwa mai yanka wuya, gwamnati ta ba shi da ruwa kashi 20 cikin 100 ya biya bayan girbi. A takarda ai lafiya lau. Amma da dokar ta sauka ƙauye sai ta zama ana auna ƙoƙarin kantoma da yawan bashin da ya raba, sai aka koma tilasta wa mutane karɓa har da wanda ba ya so, a haɗa maƙwabta su tsaya wa juna, in lokacin biya ya yi ba amfanin gona sai bulala da kurkuku. Dongpo ya rubuta wa sarki doguwar takarda yana cewa ana gaggawa kuma ana asarar zukatan talakawa. Ba a ji ba, aka ma fara ƙulla masa sharri, sai ya nemi a fitar da shi daga birnin, a 1071 aka tura shi Hangzhou mataimakin gwamna.

To ga inda abin yake da ciwo, shi ne wanda ke adawa da dokokin kuma shi ne wanda aikinsa ya tilasta masa zartar da su. Shi ke zama yana sauraron shari'ar talakawan da aka kamo da laifin sayar da gishiri a ɓoye don gishiri gwamnati ce kaɗai ke da ikon cinikinsa. Da rana ya sa hannu a takarda da dare ya koma ya zuba abin da ke cinsa a waƙa. Ya yi wata a kan tsohon da ya yi wata uku bai ɗanɗani gishiri ba, ya yi wata a kan 'yan ƙauye da suke shiga birni karɓar bashin gwamnati kuɗin ya narke a can, abin da kawai suka ƙaru da shi yaransu sun iya karin maganar 'yan birni. Lokacin kuwa buga littafi ya yaɗu a Sin, waƙoƙin nan masu shaguna suka buga suna sayarwa, suna yawo hannu zuwa hannu.

Kafin wannan ya dawo ya cije shi akwai abin da ya faru a Xuzhou a 1077, lokacin yana gwamnan garin, da nake son a gani, don kar a ɗauka mawaƙi ne kawai aka ba ofis. Rawayen Kogi ya ɓalle ruwa ya taho ya kewaye ganuwar garin yana ta hawa. Masu kuɗi suka ɗaure kaya za su fice, ya tare su ya ce in kun fita hankalin kowa ya tashi da wa zan riƙe garin, ya mai da su ciki. Ya taka da ƙafarsa cikin taɓo har barikin sojojin sarki waɗanda a ƙa'ida ba ƙarƙashinsa suke ba ya roƙe su, suka fito da kwanduna da shebur aka yi ta jibga ƙasa ana tare ruwa, shi kuma ya kafa bukka a kan ganuwa nan yake kwana, ko ya bi ta ƙofar gidansa ba ya shiga. Garin bai nutse ba.

A 1079 aka mai da shi Huzhou. Al'ada ce in ka kama sabon aiki ka rubuta wa sarki takardar godiya, abu ne da kowa ke yi ba wanda ke karantawa da kyau, sai shi ya saka wata jimla cewa shi ba shi da wayon da zai iya tafiya da sababbin da aka ɗaukaka, kuma ya tsufa ba ya tayar da fitina don haka ƙila ya iya kiwon talakawa. Masu sa ido na fada, su Li Ding da Shu Dan da He Zhengchen, dama jira suke. Aka aiko aka kama shi a ofishinsa gaban jama'a aka tafi da shi Kaifeng. Wannan ita ce shari'ar da ake kira ta Dandalin Hankaki, laƙabin ofishin masu sa idon ke nan. Fiye da kwana 100 ana zaunar da shi ana ɗauko waƙoƙinsa baiti baiti, me kake nufi da nan, wa kake zagi a nan, wa ka aika wa wannan. Da yawa ya amsa cewa e, sukar dokokin yake yi. Akwai labarin da ake bayarwa cewa sun yi yarjejeniya da ɗansa Su Mai mai kawo masa abinci, kullum nama da ganye, ranar da ka ji an yanke kisa ka kawo kifi. Wata rana yaron ya tafi neman kuɗi ya bar wa wani ɗan'uwa kai abincin ya manta bai faɗa masa ba, mutumin nan don kyautatawa ya kai kifi. Dongpo ya zauna ya rubuta wa ƙanensa ban kwana yana roƙon su sake zama 'yan'uwa a wata rayuwar.

Ba a kashe shi ba. Daular Song na da al'adar ƙin zubar da jinin masu ilmi saboda magana, kakar sarki tana kan gadon ajali ta sa baki, ƙanensa ya ce a karɓe muƙaminsa a fanshi wansa, Zhang Dun ma ya kare shi a fada. Aka ci abokansa tara saboda kawai sun karɓi waƙoƙinsa, ciki har da Sima Guang, jagoran masu adawa da Wang Anshi, shi kuma aka tura shi Huangzhou a bakin kogin Yangtse da wani muƙami na suna kawai, ba ikon sa hannu a takarda ba izinin barin gari. Haka hukuncin malamin gwamnati yake a wancan zamanin, ba a cika korarka ba, sai dai a yi ta matsar da kai nesa da fada, nisan wurin shi ne girman fushin.

Shekarun Huangzhou daga 1080 su ne na fi so a tarihinsa. Albashi ya kusa yankewa ga iyali da yawa. Shi da kansa ya rubuta wa wani abokinsa yadda yake yi, ranar ɗaya ga wata ya ware kwabbai 4,500 ya kasa su 30, kowane kashi 150, ya rataye su a azarar ɗaki can sama, kullum da safe ya sa sanda mai ƙugiya ya sauko da ɗaya sannan ya ɓoye sandar, abin da ya yi saura ya jefa a gorar bambu don ranar da baƙo zai zo. Mutumin da sarki ke karanta rubutunsa ke nan. Wani abokinsa ya samo masa tsohon filin sojoji a gangaren gabas da gari, duk duwatsu da ƙaya, ya shiga noma da hannunsa, daga nan sunan Dongpo ya fito, ma'anarsa gangaren gabas. A nan ya yi rubuce-rubucen da har yau 'yan makaranta a Sin ke haddacewa, a nan ma aka jingina masa wani girkin naman alade da har yau ke ɗauke da sunansa, mu dai ba cimarmu ba ce. Amma abin da ya fi tsaya min a rai wani ne. Ya ji cewa talakawan yankin in 'ya'ya sun yi musu yawa nutsar da jariri suke a ruwa, musamman mata, ya ce abin ya hana shi cin abinci. Ba shi da ofis ba shi da hatimi, amma ya rubuta wa gwamnan Ezhou da ke tsallaken kogi yana roƙonsa ya tsawatar ya kuma tallafa, sannan suka kafa ƙungiya masu hali na ba da kuɗi duk shekara ana sayen shinkafa da yadi ana kai wa mata masu ciki. Wa ya sa shi? Ba kowa. Abin da aka karantar da shi ne bai fita daga jikinsa ba don an karɓe kujera.

A 1084 da aka sassauta masa, a hanya ya biya ta Jinling ya gaida Wang Anshi wanda ya riga ya ajiye aiki, suka yi kwanaki suna hira kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakani. Shekara ta zagayo sarki Shenzong ya rasu, ɗansa Zhezong yaro ne, kakar yaron Gao ta riƙe mulki ta dawo da su Sima Guang, wato ɓangaren Dongpo ya hau. Cikin ɗan lokaci ya tashi daga korarre ya zama mai rubuta umarnin sarki kuma malamin sarkin. Da wani ne da ya yi shiru ya ci rabonsa. Amma da Sima Guang ya ce a soke duk abin da Wang Anshi ya kawo, har da dokar da ta ba talaka damar biyan kuɗi maimakon aikin tilas na gwamnati, Dongpo ya ce a'a wannan kam na ga amfaninta da idona a lardi a gyara ta dai kar a rushe. Suka yi ta kai ruwa rana. Ka ga yanzu ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, sababbi na ganinsa maƙiyi tsofaffi na ganinsa mara biyayya. Ni a ganina nan ne mutumin ya fi nuna ko shi wane ne, don sukar abokin gaba kowa ma ya iya.

Ya sake neman a fitar da shi, a 1089 ya koma Hangzhou a matsayin gwamna ya tarar da fari da yunwa da annoba. Ya roƙi a rage shinkafar da lardin ke aikawa fada, ya haɗa kuɗin hukuma da zinariya awo 50 daga aljihunsa aka buɗe gidan jinya na talakawa, sannan tafkin yamma da garin ke sha ciyawa ta cinye kusan rabinsa, ya ɗebi mayunwata aiki suna haƙa ana biyansu, taɓon da aka kwaso maimakon a rasa inda za a kai shi aka jera shi ya zama hanya ta ratsa tafkin da gadoji 6. Har yau tana nan da sunansa mutane na yawo a kai.

A 1093 kakar sarki ta rasu, sarki Zhezong ya karɓi mulki da haushin waɗanda suka riƙe shi yana yaro, ya dawo da ɗaya ɓangaren, babban waziri kuwa Zhang Dun. Tsohon abokin nan shi ya jagoranci ramuwa. A 1094 aka tura Dongpo Huizhou can kudu inda zazzaɓi ke kashe 'yan arewa, kuma ya kashe masa Zhaoyun, matar da ta bi shi har can, a 1096. Nan ma bai zauna ba, ya sa hannu a ginin gadoji, ya rubuta wa gwamnan Guangzhou yadda za a jawo ruwan dutse cikin gari da bututun bambu don mutane su daina shan ruwan gishiri. Ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya gina gida yana cewa nan zai ƙare, ko wata uku bai yi a ciki ba takarda ta zo a 1097, a tsallaka da shi teku zuwa Danzhou a tsibirin Hainan, yana da shekara 60. A lokacin babu abin da ya wuce wannan sai kisa. A hanya ya haɗu da ƙanensa shi ma an kore shi zuwa Leizhou, suka yi tafiyar makonni tare suka rabu a bakin teku, ganinsu na ƙarshe ke nan.

A Hainan ya rubuta cewa ba nama ba magani ba gida ba abokai. Jami'in wurin ya ba shi ɗakin gwamnati, labari ya kai sama aka aiko aka fitar da shi, shi da ƙaramin ɗansa Su Guo da taimakon mutanen gari suka yi bukka a cikin wasu itatuwa dangin giginya. Sai samari suka fara zuwa ɗaukar karatu, ɗaya daga cikinsu Jiang Tangzuo shi ake ƙirgawa a matsayin ɗan tsibirin na farko da ya ci jarrabawar lardi.

A 1100 sarki ya rasu sabo ya hau aka yi wa Dongpo afuwa, ƙaddara kuma ta juya a 1101 Zhang Dun ne aka kora zuwa Leizhou, daidai inda ya tura Su Zhe. Ɗan Zhang Dun, wanda Dongpo ne ya duba takardarsa lokacin da ya ci jarrabawa, ya rubuto cikin tsoro yana zaton Dongpo zai koma fada ya rama. Dongpo yana kwance ba lafiya ya amsa masa cewa shi da babansa abokai ne na shekara 40, abin da ya wuce ba amfanin tono shi, ya gaya masa irin magungunan da ya kamata a tafi da su kudu da yadda tsohon zai kula da jikinsa a can. Bayan 'yan makonni, a watan Agustan 1101, ya rasu a Changzhou bai kai Kaifeng ba. Ba a yi shekara 3 ba aka sassaƙa sunansa a dutse cikin jerin waɗanda fada ta la'anta, aka ba da umarnin a farfasa allunan da ake buga littattafansa da su, mutane kuwa suka ci gaba da kwafewa a ɓoye suna sayarwa da tsada fiye da da.